Haddar kalma, rera gaɓa ko haɗa sauti: wace hanya za a bi wajen koya wa yaro karatu da rubutu?

Hanya mafi sauri ta gane yadda aka koya wa yaro karatu ita ce a rubuta masa kalmar da bai taɓa gani ba, a yi shiru a ga abin da zai yi. Wani zai dubi kalmar, ya dubi fuskar malami, ya ce ba a zo nan ba tukuna. Wani zai kama haruffan farko ya ƙarasa sauran da ka: an rubuta tabarau, ya ce tabarma. Wani zai koma can farkon jeri, yana ba, be, bi, bo, bu a ƙasan maƙoshi, har ya iso gaɓar da yake nema. Wani kuma zai motsa leɓe a hankali, ya kama sauti ɗaya bayan ɗaya ya haɗa, kalmar ta fito ko da da ɗingishi. Sau da yawa basirar waɗannan yara huɗu ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi ne hanyar da aka bi da su a shekarar farko, kuma wannan zaɓi yana hannun manya: malamin aji ɗaya, mai makaranta da ke sayen littattafai, da iyayen da ke zama da yaro bayan an taso.

Zaɓin ba ƙarami ba ne. A 2019 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi, kuma ƙiyasin da aka sabunta a 2022, bayan rufe makarantu saboda annobar korona, ya kai kashi 70. Da yawa daga cikin waɗannan yara suna zuwa makaranta kullum, sun yi shekaru suna zaune a gaban allo.

Bari mu fara da haddar kalma, domin ita ce ta fi ɗaukar ido. Malami ya ɗaga kati mai hoton doki da kalmar doki a ƙasa, yara su ce doki; ya ɗaga na gida, su ce gida. Bayan mako biyu yaro yana da kalmomi goma sha biyar a ka, yana buɗe ɗan littafi yana “karantawa”, iyaye suna murna. Kuma a gaskiya hanyar tana da abin yabo. Tun ranar farko yaro yana ganin cewa rubutu magana ce mai ma'ana, ba ya gajiya da wuri, malami kuma ba ya bukatar wani horo mai zurfi. Waɗanda suka kare wannan hanya ba sakarkaru ba ne. Kenneth Goodman, wani masanin ilimi na Amurka, a 1967, ya bayyana karatu a matsayin wani irin wasan hasashe, inda mai karatu ke dogaro da ma'anar jimla da tsarin harshe ya cinki kalmar da ke tafe, ba tare da ya bi kowane harafi ba. Daga nan ra'ayin ya bunƙasa cewa idan aka kewaye yaro da littattafai masu daɗi zai tsinci karatu kamar yadda ya tsinci magana.

A nan kuskuren yake. Magana kowane yaro mai lafiyar ji yana tsintarta ba tare da darasi ba, amma rubutu ƙirƙira ce ta 'yan shekaru dubu kaɗan, kuma sirrinta ɗaya ne: alamun da ke kan takarda suna wakiltar sautukan da ke cikin baki. Yaron da ba a faɗa masa wannan sirri ba, sai ya ɗauki kowace kalma kamar hoto. Ƙwaƙwalwa tana iya riƙe irin waɗannan hotuna masu yawa, amma ba da daɗewa ba sai su fara kama da juna. Kaza da kaka, hanya da hanta, tsaka da tsaki, duk fasalinsu kusan ɗaya ne daga nesa. Shi ya sa yaron da ya yi fice a zangon farko na aji ɗaya yakan tsaya cak a aji biyu ko uku, lokacin da hotunan littafi suka ragu, sababbin kalmomi suka yi yawa. Binciken da aka yi ta hanyar bin motsin idon masu karatu ya nuna cewa ƙwararren mai karatu yana sarrafa kusan duk haruffan kalma, cikin sauri ƙwarai. Wanda ke dogaro da hasashe da duban hoto shi ne mai rauni. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta rungumi tsarin tsintar karatu a 1987, kuma a jarrabawar ƙasa ta 1994 yaranta 'yan aji huɗu sun faɗo kusan ƙarshen jerin jihohi. An yi gardama a kan ko wannan kaɗai ne dalili, tun da akwai cunkoson aji da yawan yaran da Ingilishi ba harshen gidansu ba ne, amma jihar ta sauya hanya bayan haka.

Hanya ta biyu ita ce ta gaɓa, kuma ina ganin ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ana yawan yi mata hukunci ba tare da an raba kyakkyawan amfaninta da mummunansa ba. A ɗauki baƙi, a jera shi da wasula biyar: ma, me, mi, mo, mu. Daga nan a haɗa gaɓa da gaɓa a sami kalma. Ƙarfin wannan hanya yana cikin kunnen yaro. Gaɓa abu ce da ake ji, ana iya tafa mata: ma-ka-ran-ta, tafi huɗu. Sauti guda kuwa ɓoyayye ne, domin idan ka ce ba, leɓe da harshe sun riga sun shirya wa wasalin kafin baƙin ya fita, babu wata tsaga a tsakani da kunne zai kama. Isabelle Liberman da abokan aikinta sun auna wannan a 1974: cikin yara 'yan shekara huɗu kusan rabi sun iya rarraba kalma gaɓa-gaɓa, amma babu ko ɗaya da ya iya rarraba ta sauti-sauti. Bayan shekara ta farko ta koyon karatu ne adadin masu iya raba sauti ya kai kashi 70. José Morais kuma ya nuna a 1979 cewa manya a Fotugal da ba su taɓa koyon karatu ba suna shan wahala wajen cire sautin farko daga kalma, abin da takwarorinsu da suka koyi karatu da girma ke yi cikin sauƙi. Ma'ana, jin gaɓa yana zuwa da kansa, jin sauti guda kuwa sai an koyar.

Ga harshe irin Hausa wannan babban alheri ne, tun da gaɓoɓinta ba su da sarƙaƙiya: baƙi da wasali, ko baƙi da wasali da wani baƙin da ke rufewa, kamar a kan da har da tak. Babu tarin baƙaƙe uku a farkon kalma kamar yadda ake samu a Ingilishi. Yaron da ya iya gaɓoɓi zai iya tunkarar doguwar kalma ba fargaba.

Matsalar tana faruwa ne idan gaɓa ta koma waƙa. Ajin da ke rera ba, be, bi, bo, bu da ƙarfi har ana jiyowa daga waje yana iya zama ajin da rabinsa ba ya kallon allo ma. Yaro ya haddace jerin kamar yadda zai haddace kowace waƙa, amma ka nuna masa bo ita kaɗai, ba zai gane ta ba sai ya faro daga ba. Akwai kuma batun lissafi. Hausa tana da baƙaƙe kimanin 30 idan aka haɗa da irin su sh, ts, kw da gy. A ninka su da wasula biyar, gaɓoɓi sun kai wajen 150, ba a ma zo ga masu rufi ba. Idan kowace gaɓa haddarta za a yi ita kaɗai, an koma gidan jiya, wato haddar hoto, sai dai hoton ya fi ƙanƙanta. Alamar da ke tona asiri ita ce gaɓa mai rufi. Yaron da ya haddace jeri kawai, idan ya ga hanta sai ya ce hanata, idan ya ga ƙarfe ya ce ƙarafe, domin bai san baƙi zai iya tsayawa ba wasali a bayansa ba. Idan ya zo rubutu kuma yakan yar da baƙin ƙarshen gaba ɗaya, ya rubuta makarata a maimakon makaranta.

Kafin in wuce, akwai wata 'yar uwar wannan hanya da ba ta cancanci a kira ta hanya ba: a sa yara su shekara suna rera sunayen haruffa daga farko zuwa ƙarshe. Sanin sunan harafi yana da amfani, musamman wajen magana a kan rubutu, amma suna ba ya haɗuwa ya ba da kalma. Wanda ya san haruffa da sunayensu na Ingilishi kawai, in ya jera bi da e da bi da e, ba zai taɓa jin baba a ciki ba.

Hanya ta uku ita ce haɗa sauti. Ana koya wa yaro harafi tare da sautinsa, 'yan kaɗan a jere da aka tsara, kuma tun makon farko ana nuna masa yadda ake jan sauti ɗaya ya shiga na gaba ba tare da an yanke numfashi ba: mmm, aaa, ma. Ba a bin jerin abacada. Ana farawa da haruffan da suka fi yawa a harshen kuma suka fi sauƙin ja. Da a, m, n da k kaɗai yaro zai karanta mama, kaka, kama, nan, har ma da jimla cikakkiya, Mama na nan. A ƙara i, ga Ina kaka? ta samu. Kowane sabon harafi yana buɗe kalmomi da dama lokaci guda, abin da haddar kalma ba za ta taɓa bayarwa ba. Littattafan farko kuma ana rubuta su ne da haruffan da aka riga aka koya, don kada yaro ya sami dalilin cinka.

Wannan ita ce hanyar da hujja ta fi goyon baya. Kwamitin da Majalisar Dokokin Amurka ta sa aka kafa don nazarin koyar da karatu ya fitar da rahotonsa a 2000, inda ya tattara gwaje-gwaje 38 ya gano cewa koyar da alaƙar harafi da sauti bisa tsari ya fi barin ta ga sa'a, kuma ribar ta fi yawa idan an fara da wuri. A yankin Clackmannanshire na Sikotland, Rhona Johnston da Joyce Watson sun bi yara kusan 300 har shekara bakwai. Darasin farko na minti 20 ne a rana tsawon mako 16. A ƙarshen firamare yaran sun zarce sa'o'insu da fiye da shekara uku wajen karanta kalma, da fiye da shekara ɗaya da rabi wajen rubuta ta daidai. Bayan rahoton da Jim Rose ya rubuta wa gwamnati a 2006 a kan koyar da karatu, Ingila ta ɗora makarantunta a kan wannan hanya, kuma daga 2012 kowane yaro ɗan kimanin shekara shida yana yin wani ɗan gwaji na kalmomi 40, rabinsu na ƙarya ne, an ƙirƙire su don a tabbatar ba hadda yake kawowa ba. A shekarar farko kashi 58 suka kai makin da ake so, a 2019 kashi 82.

Sai dai duk wanda zai zaɓi wannan hanya ya kamata ya san iyakarta, kuma binciken Sikotland ɗin da kansa ya nuna ta: wajen fahimtar abin da aka karanta, yaran sun zarce ne da 'yan watanni kawai. Philip Gough da William Tunmer sun yi bayanin dalilin tun 1986. Fahimtar karatu tana tsaye ne a kan abu biyu, iya fitar da kalma daga rubutu da kuma fahimtar harshen idan an ji shi da kunne, kuma idan ɗaya ya zama sifili sakamakon sifili ne. Haɗa sauti yana maganin na farko ne kawai. Na biyun yana zuwa ta hira, da tambaya da amsa, da labaran da babba ke karanta wa yara da murya, waɗanda suka fi ƙarfin abin da za su iya karantawa da kansu. A nan masu kare littattafai masu daɗi suna da gaskiya cikakkiya, kuma babu abin da ya hana a yi darasin sauti na minti 20 da safe a karanta labari bayansa. Iyaka ta biyu ita ce malami. Dole ya iya furta sauti tsantsa. Idan ya ce ba a wurin b, ya ce ka a wurin k, to yaron da ke haɗa b da i zai sami bai, ba bi ba. Baƙaƙe irin b, d, k da t ba sa jawuwa, shi ya sa ake farawa da irin m, n, s da l, a kawo waɗancan daga baya a manne da wasalinsu.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne cewa rahoton na 2000 bai sami bambanci mai ƙarfi tsakanin koyarwa sauti-sauti da koyarwa da manyan yankunan kalma ba, muddin duka biyun a tsare suke. Saboda haka ba na ganin gaɓa da sauti a matsayin abokan gaba. A ganina, ga Hausa da harsuna irinta, abin da ya fi shi ne a gina gaɓa daga sauti a gaban idon yaro, sannan a yi ta amfani da gaɓar don samun sauri. A rubuta m, a ƙara a, a goge a a sa i, a goge m a sa n, yaro yana ganin abin da ya sauya da abin da ya tsaya. A hargitsa jerin kullum: yau mu, ma, mo, gobe mi, mu, me. A shigo da gaɓa mai rufi da wuri, ka ta koma kan, kan ta koma kar, kafin kunne ya saba da cewa bayan kowane baƙi sai wasali.

Nauyin kowace hanya kuma yana sauyawa da harshen da ake koyarwa. A 2003 Philip Seymour da abokan aikinsa sun kwatanta yara masu koyon karatu a harsunan Turai 13. A ƙarshen shekarar farko, yaran Finland da Girka da Jamus da Italiya da Sifen suna karanta fiye da kashi 90 na sanannun kalmomi daidai, masu koyon Ingilishi kuwa kimanin kashi 34. Gaskiya ne cewa yaran Ingilishin sun fi ƙanƙanta, amma babban dalilin shi ne rubutun. Ingilishi yana da sautuka kimanin 44 da haruffa 26, kuma ough da ke cikin though da through da tough furuci uku ne daban-daban. Hausa tana ɓangaren masu sauƙi: kusan kowane harafi sautinsa ɗaya. Abin da yaro zai shekara biyu ko uku yana fama da shi a Ingilishi, zai iya kammala shi cikin watanni a harshen da ake rubutawa yadda ake faɗa. Don haka idan akwai zaɓi, a fara da harshen da yaro ke magana da shi, domin can ne idan ya haɗa sauti kalmar da ta fito za ta zama wadda ya sani, ya ji daɗin gane ta. Dabarar haɗawar kuma sau ɗaya ake koyonta; idan ya koma wani harshe mai irin waɗannan haruffa, sababbin ƙa'idoji kawai zai ƙara. Idan kuwa dole da Ingilishi za a fara, hanyar gaɓa ba ta da wani tasiri a can, haɗa sauti ne, tare da 'yan kalmomi kaɗan masu yawan zuwa irin the da said da ake nuna wa yaro inda suka saɓa ƙa'ida, da kuma magana mai yawa a harshen don kalmomin su sami ma'ana.

Yanzu ga rubuta kalma daidai, inda zaɓin yake tsakanin kwafa, shifta da barin yaro ya ƙirƙira.

Kwafa ita ce mafi sauƙi ga malami: kalma goma a allo, kowacce sau goma a littafi, aji ya yi tsit. Tana gyara hannu, wannan ba gardama, kuma rubuta harafi da hannu yana taimaka wa yaro ya gane shi fiye da kallo kawai. Amma yaro yana iya kwafar kalma sau goma bai karanta ta ko sau ɗaya ba. Wasu ma sukan rubuta harafin farko sau goma daga sama zuwa ƙasa, sannan na biyu, sannan na uku. Jerin kalmomin da ake bayarwa a farkon mako don jarrabawar ƙarshensa ma haka yake idan kalmomin ba su da dangantaka: a ci jarrabawa, bayan mako biyu a manta.

Shifta, idan an yi ta yadda ya kamata, ita ce juyin haɗa sauti. Malami ya faɗi kalma, yara su maimaita, su ƙirga gaɓoɓinta da tafi, su ƙirga sautukan kowace gaɓa da yatsu, sannan su rubuta. Nan take a rubuta daidai a allo kowa ya gyara nasa da hannunsa, ba sai an tara littattafai an dawo da su bayan kwana uku da jan biro ba. Minti biyar zuwa goma a kullum, da kalmomin da aka gina daga haruffan da aka koya, sun fi jarrabawa ɗaya mai tsawo a mako. Ribarta biyu ce. Tana tilasta wa yaro ya zaro kalmar daga kansa, wanda shi ne ke sa abu ya zauna, kuma tana nuna wa malami ainihin inda gizo ke saƙa. Wanda ya rubuta hanu a wurin hannu bai ji nauyin baƙi mai ruɓi ba. Wanda ya rubuta sunsu a wurin tsuntsu bai raba s da ts ba. Kowannensu darasinsa daban. Steve Graham da Tanya Santangelo sun tattara bincike 53 a 2014, suka sami cewa koyar da rubuta kalma kai tsaye ya fi barin yara su tsinta, kuma yana ƙara musu ƙarfin karatu ma.

Barin yaro ya rubuta yadda ya ji, ko da kuskure, yana da nasa wurin. Charles Read ya nuna tun farkon shekarun 1970 cewa kurakuran ƙananan yara ba shirme ba ne, suna bin tsarin abin da kunnensu ke ji. Yaron da ya zana hoto ya rubuta jimla a ƙasa da kansa yana yin aikin raba sauti mafi wahala, kuma bai kamata a kashe masa gwiwa da jan layi a kowace kalma ba. A yaba abin da ya kama, a gyara abu ɗaya ko biyu da aka riga aka koyar, a bar sauran sai lokacinsu. Haɗarin shi ne a bar shi haka har shekaru, kuskure ya zama jiki.

A Hausa, wuraren da kunne kaɗai ba ya isa kaɗan ne, kuma sanannu ne, don haka ana iya shirya musu. Haruffa masu ƙugiya su ne na farko, kuma ina roƙon kada a ɗauke su a matsayin ado da za a ƙara daga baya. Kafa da ƙafa, kara da ƙara, bari da ɓari, da da ɗa, kalmomi ne daban, yaro kuma yana jin bambancinsu sarai a bakinsa. A koyar da ƙ a matsayin harafi mai zaman kansa, a ranar da ba ranar k ba, sannan a gwama su. Tsawon wasali da karin sauti kuma ba a nuna su a rubutun yau da kullum, shi ya sa kuka na hawaye da kuka ta itace rubutunsu ɗaya. A nan ne jimla ke da aiki, bayan an fitar da haruffan, ba kafin nan ba. Sai n da m: ana rubuta tambaya da m domin a cikin kalma ne, amma gidan Bala da n ko da baki yana jan ta zuwa m. Mafi wahalar duka shi ne raba kalmomi da haɗa su, wanda manya ma ke tuntuɓe a kai: yana a haɗe, ya tafi a rabe, ba ta zo ba daban da ɓata, na sa hula daban da nasa ne. Wannan ba ya koyuwa da kalma guda-guda, sai da shiftar gajerun jimloli, kuma wuri ne da yawan karatu ke taimakawa fiye da kowace ƙa'ida.

Halin da mutum yake ciki shi ma yana da hannu a zaɓin. Malamin da ke da yara 80 ko fiye ba zai iya sauraren kowa kullum ba, kuma amsar taro tana ɓoye masu rauni. Ƙaramin allo ko takarda da kowane yaro zai rubuta ya ɗaga sama yana nuna masa aji duka a kallo ɗaya. Inda malamai ba su sami horo sosai ba, jagorar darasi da aka rubuta dalla-dalla ta fi barin kowa da dabararsa: shirin koyar da karatu mai suna Tusome da Kenya ta yaɗa a faɗin ƙasar daga 2015 ya dogara ne a kan irin wannan jagora, da littafi a hannun kowane yaro, da masu zagayawa suna taimaka wa malamai a aji. Yaron da ya kai aji huɗu bai iya karatu ba kuwa, ba littafin aji huɗu yake bukata ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya tana gwada yara ɗaya-ɗaya, wa ya san harafi, wa ya kai kalma, wa ya kai sakin layi, wa ya kai labari, ta rarraba su bisa matakinsu ba bisa shekaru ba, kuma kowace makaranta za ta iya yin haka na awa ɗaya a rana. Iyaye a gida su tambayi wace hanya ake bi a aji don kada a ja yaro gabas da yamma. Idan ya tsaya a kalma, a rufe hoton da hannu, a sa yatsa ƙarƙashin harafin farko a ce masa ja wannan, maimakon a faɗa masa kalmar ko a ce ya cinka. Yaron da aka bi da shi a tsare na watanni amma har yanzu sauti ba ya haɗuwa masa, a duba jinsa da ganinsa, a ƙara masa lokaci a ƙaramin rukuni; irin wannan yaro ya fi kowa bukatar hanyar sauti, a hankali da maimaici, kuma duka ko tsawa ba za su ƙara masa komai ba sai tsoron littafi.

Mai zaɓar littafi ko makaranta ya buɗe shafuka goma na farko. Idan kalmomin shafi na biyar an gina su ne da haruffan shafi na ɗaya zuwa na huɗu, littafin a tsare yake. Idan kuwa a shafin farko akwai jirgi da makaranta da tsuntsu, kowanne da hotonsa, littafin hadda ne, a ajiye shi don kallo da hira. A aji kuma a nemi ganin littattafan rubutun yara: a duba ko akwai kalmomin da yaro ya rubuta daga ji ya gyara da hannunsa, ko kuwa shafi bayan shafi kwafa ce zalla. Sannan a nemi izini a rubuta wa yara uku ko huɗu kalmar ƙarya, irin lomi ko tansu, a saurara.